Tamanrasat, Garin da Ake Cin Mainama



Akwai wata kalmar Hausa da ta ƙetare hamada ta shiga bakin Larabawa da Abzinawan Aljeriya, ta zauna daram, har da yawa daga masu furta ta suna ɗaukar ta tasu ce ta gado. Kalmar ita ce mainama. A Maraɗi ko Katsina idan aka ce mai nama, mutum ake nufi, wato wancan bawan Allah da ke tsaye a bayan tukuba da wuƙa a hannu. A Tamanrasat kuwa sunan abinci ne. Mutum zai ce wa abokinsa su je su ci mainama, a rubuta ta da haruffan Larabci a kan allon shago, baƙon da ya zo daga Aljiyas ko Wahran kuma ba ya jin ya ga garin sai ya ɗanɗana ta. Sunan mai sana'a ya koma kan abin da yake sayarwa, kuma a wannan sauyi na ma'ana akwai labarin dubban 'yan'uwanmu da suka nemi abincinsu a wannan gari. Shi ya sa muka ga ya dace mu fara bayanin abincin Tamanrasat daga nan.

Garin yana kudancin Aljeriya ne, a gindin duwatsun Ahaggar, a tudun da ya haura mita 1,300 bisa teku. Tsakaninsa da Aljiyas babban birnin ƙasar akwai tafiyar kusan kilomita 2,000, alhali zuwa In Gezam, garin ƙarshe kafin a shiga Nijar, kimanin kilomita 400 ne kawai. Daga can sai Asamaka, sai Arlit, sai Agadas. Ke nan mutumin Tamanrasat ya fi kusa da kasuwar Agadas nesa ba kusa ba a kan yadda yake da fadar gwamnatinsa. Lokacin da Charles de Foucauld, malamin Kirista ɗan Faransa, ya sauka a wurin a 1905, bukkoki wajen ashirin ya tarar a bakin ƙorama. A 1974 garin ya zama hedkwatar jiha, a 1978 kwalta ta iso shi daga arewa, ƙidayar 2008 kuma ta samu mutum sama da 90,000 a cikinsa. Ruwan da yake sha ma baƙo ne: tun 2011 ake turo shi ta bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750.

Wanda ya san garuruwan bakin teku zai gane halin Tamanrasat da wuri, domin ita ma tasha ce, sai dai tekunta rairayi ne da duwatsu, jiragenta kuma manyan motoci. Kusan duk abin da ke shiga tukunya a garin daga wani wuri ya zo. Garin alkama, taliya, man girki, sukari da madarar gari suna gangarowa daga arewa. Dabbobi, gero, gyaɗa, citta, barkono, lalle da mangwaro suna haurowa daga kudu, mafi yawansu ta hanyar cinikin musaya da dokar Aljeriya ta yarda a yi tsakanin jihohinta na kudu da Nijar da Mali. Lambunan Abalesa, Idelis da Tazruk suna ba da ɗan abin da ya samu na kayan miya da ɓaure da inabi, amma ba su isa su ciyar da gari mai wannan girma ba. Wannan dogaro kuwa ba sabo ba ne. Tun kafin mota, Kel Ahaggar sukan haƙo gishiri a Amadror, su ɗora wa raƙuma, su bi hanya har Damargu su musanya shi da gero. Geron da manoman ƙasar Damagaram suka noma shi ne ya riƙe tantunan Ahaggar shekara da shekaru. Saboda haka Bahaushen da ya shiga kasuwar Asihar ya ji ana ciniki da harshensa, ya ga kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa a cikin buhuna, bai kamata ya yi mamaki ba.

Yadda ake yin ta

Mu da muka tashi muna ganin gashi iri-iri, abin da za mu kira mainama a gida shi ne balangu, ko gashin rago irin na mutanen Adar. Ba tsire ba ce, domin ba a soke ta a tsinke, ba a kuma mulke ta da ƙuli-ƙuli kafin ta hau wuta. Ana yanka rago, a fasa shi manya-manya, kafaɗa, haƙarƙari, cinya, a sa gishiri, a jera a kan ragar ƙarfe bisa garwashin itacen ƙaya na hamada ko gawayi. Wutar ba mai harshe ba ce, kuma naman yakan daɗe a kanta. Idan ya fara nuna sai a lulluɓe shi da takarda mai kauri, tururinsa ya koma cikinsa, kitsen ya narke ya ratsa tsoka. Mai saye ya nuna yankin da yake so, a ɗora a kan katako a daddatsa ƙanana, a zuba a takarda, a yanka ɗanyar albasa a kai, a barbaɗa yaji, a ɗiga ɗan mai. Sai burodi. A nan ne aka bambanta da gida, domin a Aljeriya ba a cin kome ba tare da burodi ba, kuma saboda tallafin da gwamnati ke sa wa garin alkama yana da arha ƙwarai, har masu shago kan ajiye kwando guda a kan tebur kowa ya ɗiba.

Ragunan da ake yankawa irin namu ne, masu dogayen ƙafafu, masu gashi ba ulu ba, waɗanda Aljeriyawa ke kira sidawun. Namansu ba shi da kitse mai yawa kamar na tumakin arewa masu ulu, kuma a ganinmu wannan ne ya sa ya dace da irin wannan gashi mai jinkiri, tun da ƙaramin kitsen da ke jikinsa yana isa ya tausasa shi ba tare da ya gundure mai ci ba. Akwai masu yin ta da naman raƙumi ko na sa. Na raƙumi, in na ɗan ƙaramin raƙumi ne, yana da taushi da ɗan zaƙi-zaƙi. In kuwa tsohon amale ne, to haƙora za su yi aiki.

Asirin yana cikin yaji, kuma kowane mai gashi yana riƙe da nasa haɗin kamar yadda mai magani ke riƙe da nasa. Abin da harshe ke iya ganewa dai shi ne ƙuli-ƙuli, barkono, citta, kanumfari, masoro, wani lokaci da kimba. Mun lura a shagunan da baƙi daga arewa suka fi zuwa an rage zafin barkonon, an ƙara kamun da Larabawa ke so, wasu har suna ajiye harisa da mustad a gefe. Ba mu ga laifin haka ba, mai sana'a yana bin bakin mai saye ne. Amma wanda ke son ainihin abin, sai ya nufi unguwannin da mutanenmu suka fi yawa, irin su Gat al-Wad da Tahaggart, ko gefen kasuwar Asihar, bayan sallar magariba, lokacin da sanyin dutse ya fara sauka, hayaƙi kuma ya tokare kowace kwana.

A ɗaya daga cikin waɗannan rumfuna muka zauna da wani dattijo mutumin ƙasar Tawa, wanda gemunsa ya yi fari a bakin wuta. Da ya ji Hausarmu sai ya tambayi garinmu da gidanmu, da muka faɗa masa sai ya ce, "Ashe 'ya'yan malam ne. To ku matso kusa da wuta, 'ya'yana, sanyin nan ba irin na gida ba ne." Muka ce, "Baba, a ba mu wajen haƙarƙari." Ya yi dariya ya ce mun san nama. Bai bari yaronsa ya yanka mana ba, shi da kansa ya zaɓa, ya ƙara mana da tsokar wuya kyauta. Muna ci muna kallon masu zuwa: soja ɗan arewa cikin kakinsa, Ba'abzine da rawani har hanci yana ɗaga amawali kaɗan yana kai loma, direban babbar mota daga Gardaya, ɗalibai, leburori 'yan Mali da 'yan Gine. Dattijon yana amsa wa kowa da harshensa, Larabci, Tamashek, Faransanci, ya juyo ga yaransa ya yi musu faɗa da Hausa.

Abin da ya tsaya mana a rai

A birnin Marsai na Faransa, wanda jiragen ruwa ke haɗa shi da Aljiyas, akwai wata miyar kifi da ake kira buyabes. Asalinta abincin masunta ne, waɗanda kan tafasa kifin da ya yi kwantai su ci da iyalinsu. Sannu a hankali ta zama abin alfaharin birnin, har a 1980 wasu masu gidajen abinci suka haɗu suka rubuta ƙa'idar yadda za a dafa ta da irin kifin da za a sa, don kada kowa ya tafasa abin da ya ga dama ya laƙa masa sunan. A yau talakan Marsai ba kasafai yake iya sayen kwanonta a gidan abinci ba. Mainama tana kan irin wannan hanya. Ta fito daga rumfar bakin titi ta shiga shaguna masu tayil da fitilu, ana nuna ta a talabijin a matsayin abincin gargajiyar Ahaggar, ana buɗe wuraren sayar da ita a garuruwan arewa. Wannan abin farin ciki ne, kuma mutanen Tamanrasat suna da haƙƙin yin alfahari da ita, domin a garinsu ta samu wannan suna da wannan siffa.

Sai dai akwai bambanci guda. Masuntan Marsai 'yan gari ne, ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda. Masu gashin Tamanrasat kuwa kashi biyu ne. Akwai waɗanda iyayensu suka zo tun da daɗewa, wasu tun farin 1973 da na 1984, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, suka zama 'yan ƙasa ko suka samu izinin zama. Akwai kuma samarin da ke hura wuta, su feɗe rago, su wanke katako, waɗanda yawancinsu ba su da kome a aljihu sai katin shaidar Nijar, wani ma ko shi babu. Tun watan Disamba na 2014, bisa wata yarjejeniya tsakanin gwamnatocin biyu, ake kwasar 'yan Nijar a motoci ana mayar da su gida, Tamanrasat kuma ita ce matattarar da ake tara su kafin a nufi iyaka. 'Yan sauran ƙasashe akan sauke su a wani fili da ake kira Fuwan Zero, su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutum sama da 30,000 da aka koro ta wannan hanya a shekarar 2024 kaɗai. Yaron da ya miƙo maka takardar nama yau, kana iya komawa jibi ka tarar da wani a gurbinsa, kuɗin aikinsa na wata da 'yan kayansa kuma suna nan a ɗakin da ya kwana.

Ba mu kawo wannan don mu ɓata wa kowa cin nama ba. Mun kawo shi ne domin a gidajen da ake karanta wannan mujalla akwai iyayen da ɗansu ke cewa zai tafi Aljeriya neman kuɗi, yana ba da misali da wane da ya tafi ya dawo da babur. Gaskiya ne sana'ar tana ciyar da mai ita, kuma hannun da ya iya gashi ba ya rasa aiki a can. Amma a tambayi yaron wurin wa zai sauka, da wace takarda, a motar wa. Mutanen Kance ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, bayan motocin da suka ɗauko su zuwa Tamanrasat sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Allah ya jiƙansu.

Abincin masu gari

Abincin Kel Ahaggar na ainihi ba a cika samunsa a gidan abinci ba, sai a gida ko a daji. Babbansa ita ce tagella, wadda mutanen Agadas ma suka sani. Ana kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri, ba yisti, a murza shi sosai, a faɗaɗa shi kamar faifai mai kauri. Kafin nan an hura wuta a kan rairayi mai tsabta ta ci ta zama garwashi. Sai a ture garwashin gefe, a shimfiɗa ƙullun a kan rairayin mai zafi, a ɗan babbaka samansa da ƙirare mai wuta don kada yashi ya manne, a rufe da rushi. Bayan ɗan lokaci a tone a juya, a sake rufewa. Mai yin ta yakan ƙwanƙwasa ta da sanda ya saurari ƙarar, da haka yake sanin ta nuna. A fito da ita a kankare, a ɗauraye da ruwa kaɗan, sa'an nan kowa ya sa hannu a marmasa ta ƙanana cikin akushi, a kwarara miyar tumatir da albasa da nama, ko man shanu kawai in tafiya ta yi tafiya. Wanda bai taɓa gani ba zai rantse sai ya tauna yashi, amma ko ƙwaya ba ya ji.

Mun ci ta a hanyar Asekrem, dutsen da ke da nisan kimanin kilomita 80 daga gari, wanda tsawonsa ya wuce mita 2,700, inda mutane ke hawa don ganin fitowar rana a kan tsaunukan Atakor. A irin wannan wuri, cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage, mutum yake gane hikimar abincin: ba ya bukatar tanda, ba ya bukatar tukunya biyu, ruwan da yake ci kaɗan ne, kuma yana riƙe ciki yini guda.

Sauran abincinsu duk Bahaushe zai gane danginsa. Asink tuwon gero ne, ana cinsa da nono ko man shanu. Agajira kuwa 'yar'uwar fura ce, gero da dabino da cuku a daka tare a dama da ruwa, wadda matafiyi ke sha ya manta da yunwa da ƙishi. In an yanka dabba don baƙo, abin da ake fara kawowa shi ne malfuf, wato hanta da aka ɗan gasa, aka yayyanka, aka naɗe kowane yanki da siririn kitsen nan da ke lulluɓe da tumbi, aka mayar kan wuta. Ana cin ta da zafinta, in ta huce kitsen yakan daskare a dasashi. Bayan kowane abinci kuma sai shayi, ganyen Sin kore, a ƙananan kofuna masu kumfa, zagaye uku. Ba mu bukatar koya wa mutanen Nijar shan shayi. Abin da kawai za mu tuna wa baƙo shi ne, a can tashi kafin kofi na uku rashin ladabi ne, don haka wanda ke da alkawari da wani kada ya zauna a fara.

Gidajen abinci na tsakiyar gari

Ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwar da suka zo daga arewa sun taho da nasu girkin, shi ne ya cika manyan titunan garin. Akwai kaza gasasshiya da ke juyawa a cikin gilashi, akwai wake fari cikin jar miya da suke kira lubiya, akwai soyayyen dankali da aka haɗa da ƙwai aka cusa a burodi, wanda shi ne abincin ɗalibi da lebura a duk faɗin Aljeriya. Waɗannan ba su da wani abin a zo a gani, sai dai suna da arha kuma suna ƙosarwa. Abin da ya cancanci a nema shi ne shorba firik, romon nama da tumatir da ɗanyar alkama da aka babbaka aka ɓarza, mai ƙamshin hayaƙi, da kuma kuskus, wanda da yawansu ke kira ta'am, wato abinci, kamar dai babu wani abincin sai shi. A 2020 hukumar UNESCO ta sa kuskus cikin kayan gadon duniya da sunan Aljeriya, Maroko, Muritaniya da Tunisiya tare. Amma kuskus na gidan abinci bai kama ƙafar na gida ba, wanda ake yi ranar Juma'a, ana kuma aika wa masallaci da akushi don matafiya da mabukata. Kifi dai baƙo ne a garin da teku ke da nisan kwana biyu a mota, ba mu ba kowa shawarar ya neme shi ba. Mai son abin sha mai sanyi ya nemi Selecto ko Hamoud, na kamfanin Hamoud Boualem da aka kafa a Aljiyas tun 1878.

Mai tafiya da iyali ya sani cewa wuraren shan gahawa na maza ne zalla, haka ma rumfunan mainama. Amma gidajen abinci da yawa suna da ɗaki na dabam da aka rubuta wa alamar iyali, inda magidanci zai zauna da matarsa da 'ya'yansa ba mai kallonsu. In babu, a saya a ƙunshe a tafi da shi masauki, haka 'yan gari ma suke yi. A unguwannin mutanenmu kuma akwai mata masu tuwo da miyar kuka, da shinkafa da wake, da masu ƙosai da fanke da safe, waɗanda ke ciyar da gwagwaren da suka baro iyalinsu a gida. Wanda cikinsa ya gaji da burodi, kwano ɗaya a wurinsu yana mayar masa da hankalinsa.

Mun san akwai dattawan da har yanzu suke ganin cin abinci a waje zubar da girma ne, kuma ba daga banza suka ɗauko ba. A zauren mahaifinmu mun karanta cewa malaman fiƙihu sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin mutum har a yi shakkar shaidarsa. Amma su malaman sun ɗaure hukuncin da al'adar wuri da halin mutum, sun kuma sassauta wa matafiyi da wanda larura ta kama. A garin da rabin mutanensa matafiya ne, alƙali da liman ma sukan tsaya a sayo musu mainama. Wata tambayar da muka ji ana yi a bakin wuta ita ce ta naman raƙumi da alwala. Yawancin mutanen Aljeriya Malikawa ne kamar mu, da ruwayar Warshu suke karatu kamar yadda muka yi a allo, kuma a mazhabar Imamu Malik cin naman raƙumi ba ya warware alwala. Hambaliyya ne suke ganin yana warwarewa. Wanda ya sake alwala don fita daga saɓani ya kyauta, wanda bai sake ba kuma kada a ɗaga masa murya. Batun yanka kuwa hankali kwance yake, mahautan Musulmi ne.

Lissafin kuɗi da lokaci

Abin da ya fi rikita baƙo a wurin biya shi ne yadda Aljeriyawa ke ƙirga kuɗi. A takarda dinari ne, a baki kuwa da santim suke lissafi. In mai shago ya ce dubu goma, dinari 100 yake nufi. In ya ce miliyan ɗaya, dinari 10,000 ne. Tsofaffi har yanzu suna ƙirgawa da doro, wanda yake santim 5, ta yadda doro 100 ke zama dinari 5. Mu da muke kiran sefa 100 dala ashirin ba mu da bakin yi musu dariya. Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi mai shago ya rubuta adadin, ko a tambaye shi da Hausa, domin a kasuwar Asihar da wuya a rasa mai ji. A wurin mainama kuma a faɗi na nawa ake so tun kafin wuƙa ta sauka.

Tun 2009 ranakun hutun mako a Aljeriya Juma'a da Asabar ne. Ranar Juma'a gari yakan yi tsit tun hantsi, shaguna ba sa buɗewa sai bayan la'asar, saboda haka a tanadi burodi da sassafe. A watan azumi gidajen abinci a rufe suke yini, amma ana buɗe wuraren buɗa-baki kyauta da suke kira gidajen rahama, waɗanda ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar da masu hali ke ɗaukar nauyinsu, kuma matafiyi yana zama a ba shi dabino da nono da shorba da burek. Bayan tarawihi sai gari ya farka, masu zalabiya da kalbal-luz su baje, masu gashi su hura wuta har sahur. Wanda zai zo tsakanin Disamba da Fabrairu ya taho da bargo da rigar sanyi ta gaske, domin da dare sanyin yakan kai ga ruwa ya yi ƙanƙara a kan duwatsu, kuma yawancin rumfunan nama a waje ake zama.

Tsarabar da ake komawa da ita gida dabino ne, sai dai a san wanda za a saya. Daglat Nur, mai taushi da sheƙi, wanda ake kawowa daga yankin Biskara, shi ne na alfarma, amma ba ya jure zafi da matsi, in aka danne shi a cikin kaya kwana uku sai ya dame ya fara tsami. Busasshen dabinon Tidikelt da Tuwat, wanda ake lodawa buhu-buhu zuwa Agadas da Tawa da Kano, shi ne na hanya: yana wata da watanni bai canza ba, yana dakuwa da cuku, kuma shi ne wanda iyayenmu mata suka fi so don rabon suna da ɗaurin aure. A ɗanɗana kafin a saya, a fasa biyu ko uku daga tsakiyar buhu a duba ko ƙwaro ya shiga. Mainama kuwa ba ta tafiya. In an ƙunshe ta don hanya, a cinye ta kafin a kai In Gezam.